MATSALAR GAJERUN KALMOMIN HAUSA WAJEN BINCIKE A RUMBUN BAYANAI NA KWAMFUTA

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa kwamfuta ta shiga kusan kowane fanni na harkar ilimi. Makarantu da dama ba su tsaya ga manyan rajistoci na takarda ba wajen ajiye sunayen ɗalibai da jerin littattafan laburare da sakamakon jarrabawa, sun koma zuba su a cikin kwamfuta. Malamin Hausa da ya sami kansa a irin wannan makaranta yakan ci karo da wani abin mamaki, wato ya rubuta kalmar da ya tabbata tana cikin kwamfuta, amma ta amsa masa da cewa ba ta samu ba. Galibi wannan yakan faru ne da gajerun kalmomi irin su so da ido da uwa, da sunaye irin su Ali da Isa.

Wannan babi zai yi bayanin musabbabin matsalar, da matakan gano inda take, da hanyoyin gyara ta. Haka kuma zai nuna cewa rabin maganin yana hannun masanin nahawun Hausa, domin ƙa'idojin da ke haddasa ta an auna su ne da ma'aunin Ingilishi. A ƙarshen babin ana sa ran ɗalibi zai iya:

(i) bayyana yadda kwamfuta ke neman kalma a cikin matani;
(ii) kawo dalilan da ke sa gajerun kalmomin Hausa su ɓace wajen bincike;
(iii) bin matakan gano matsalar da ba da shawarar gyara.

1.1 Ma'anar Rumbun Bayanai da Binciken Matani

Rumbun bayanai shi ne tarin bayanai da aka tsara a cikin kwamfuta ta yadda za a iya ƙarawa ko gyarawa ko nemowa cikin sauƙi. Akan tsara shi a jadawali-jadawali kamar rajistar aji: kowane layi yana ɗauke da bayanin abu guda, alal misali littafi ɗaya, kowane gurbi kuma yana ɗauke da wani ɓangare na bayanin, kamar sunan littafin da marubucinsa da shekarar bugu. Daga cikin manhajojin da ake gina irin wannan rumbu da su akwai MySQL, wadda aka fara fitarwa a ƙasar Suwidin a 1995, take kuma hannun kamfanin Oracle tun 2010. Da yake kyauta ake samun ta, masu haɗa wa makarantu manhajar laburare ko ta rajista sun daɗe suna dogara da ita. Da ita za a kafa misalai a wannan babi.

Binciken matani kuwa shi ne neman kalma a duk inda ta fito cikin rubutu, ko a farkon suna take ko a tsakiya ko a ƙarshe. MySQL ta fara samar da wannan dama a shekarar 2000.

1.2 Yadda Fihirisa ke Aiki

Idan aka nemi kalma, kwamfuta ba ta bin layukan rumbu ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, domin hakan zai ci lokaci idan bayanan suna da yawa. Abin da take yi shi ne, tun lokacin da ake zuba bayanai takan yanka kowane rubutu kalma-kalma, ta jera kalmomin a wani jadawali na daban, ta rubuta lambobin layukan da kowace ta fito a gabanta. Wannan jadawali shi ake kira fihirisa. Almajiran ilimi sun san irin wannan aiki a littafin Al-Mu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wanda aka buga a Alƙahira a 1945, inda mai neman aya yakan duba kalma guda ya ga surori da ayoyin da ta zo a cikinsu ba tare da ya bi Alƙur'ani shafi-shafi ba.

Abin lura a nan shi ne, mai bincike da fihirisa yake magana. Duk kalmar da ba ta shiga fihirisa ba, to a wajen kwamfuta kamar babu ita ne, ko da kuwa tana zaune a cikin rumbu. Masu ƙera manhaja kuma da gangan suke hana wasu kalmomi shiga. Tun a 1935 masanin harshe George Zipf na Amurka ya nuna cewa kalmomin da aka fi yawan amfani da su a harshe su ne suka fi gajarta. A Ingilishi yawancin irin waɗannan kalmomi na nahawu ne, ba su nuna abin da rubutu ya ƙunsa, sai dai su kumbura fihirisa. Saboda haka aka ga ya fi sauƙi a yi watsi da duk kalmar da ba ta kai wani adadi na haruffa ba.

1.3 Misali daga Sabon Garin Wudil

Wudil gari ne da ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, a bakin kogi, wanda ya yi suna da kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Gari ne kuma na ilimi, domin a nan Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda take, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano wadda ta fara aiki a 2001, aka sauya mata suna zuwa na Aliko Ɗangote a 2022. A gari irin wannan ba a rasa matasan da suka iya haɗa wa makaranta ƙaramar manhaja.

A ɗauka cewa an tura wani ɗalibin kwalejin ilimi koyarwar gwaji a wata makarantar sakandare da ke unguwar Sabon Gari a Wudil. Makarantar tana da kwamfuta guda a laburare, wadda aka zuba wa sunayen littattafan Hausa da na ɗalibai a kan tsohon zubin MySQL. Ɗalibin yana shirya darasi a kan jigon soyayya a ƙagaggun labarai, sai ya rubuta so a gurbin bincike. Kwamfuta ta ce babu. Alhali kuwa So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suna kan kanta yana kallon su. Ya rubuta ƙauna, nan ma babu. Ya nemi Ka Yi Ta Karatu, sai ta jero masa shi tare da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu ba tare da ta fifita wanda ya nema ba. Ya rubuta Hausa, ta ce babu ko ɗaya. Da ya koma rajistar ɗalibai ya nemi Isa, sai ta nuna ba a san da mai wannan suna ba.

Idan malami bai san dalili ba, zai iya yanke hukuncin cewa an sace littafi, ko a sake sayen wanda ake da shi, ko a gaya wa uba cewa ba a yi wa ɗansa rajista ba. Ke nan al'amarin ya wuce wasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje yana da nasa musabbabi, kamar yadda za a gani.

1.4 Dalilin Yawan Gajerun Kalmomi a Rubutun Hausa

Kafin a shiga musabbaban, ya kamata a fahimci abin da ya sa matsalar ta fi tsanani a Hausa. Akwai dalilai uku da suka danganci tsarin harshen da ƙa'idojin rubutunsa.

Na farko, Hausa tana da aikatau masu gaɓa ɗaya waɗanda ake amfani da su kullum, kamar ci da sha da yi da ji da bi da ƙi da fi da ja da so da zo da je. Akwai kuma sunaye masu gaɓa ɗaya kamar ɗa da 'ya da wa da rai da kai da mai. Duk waɗannan kalmomi ne masu ɗauke da cikakkiyar ma'ana.

Na biyu, daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Kalmar so tana da dogon wasali, kuma a littattafan nazarin harshe akan rubuta ta da wasali biyu ko da alama a kansa, amma a rubutun kowa da kowa haruffa biyu ce kawai.

Na uku, ba a rubuta alhamza a farkon kalma. A furuci kowace gaɓar Hausa da baƙi take farawa, amma a rubuce ido da uwa da uba da ado da iko da aya da uku sun rasa baƙinsu na farko, sun koma haruffa uku. Haka abin yake ga sunayen mutane irin su Ali da Isa da Ado da Idi da Iro da Abu da Uba.

1.5 Musabbaban Matsalar

(a) Ƙa'idar tsawon kalma. MySQL tana da manyan hanyoyi biyu na ajiye jadawali, wato MyISAM da InnoDB. A MyISAM, wadda ita ce ta fara samun binciken matani, ƙa'idar asali ita ce kalma ba ta shiga fihirisa sai ta kai haruffa 4, kuma sunan saitin da ke riƙe da wannan adadi shi ne ft_min_word_len. InnoDB ta sami binciken matani a zubi na 5.6 da ya fito a 2013, ita kuma mafi ƙarancin tsawo a wajenta haruffa 3 ne, sunan saitinta innodb_ft_min_token_size. Ke nan a MyISAM ido da uwa da Isa duk sun faɗi, a InnoDB kuwa sun tsira amma so da ci da ɗa ba su tsira ba. Wannan ne ya sa a sunan Ka Yi Ta Karatu kalma ɗaya tak ta shiga fihirisa, wato karatu, shi ya sa kwamfuta ta kasa bambanta shi da 'yan'uwansa.

(b) Jerin kalmomin watsi. Ban da ƙa'idar tsawo, manhajar tana zuwa da jerin kalmomin Ingilishi da aka umarce ta ta tsallake. Na InnoDB gajere ne, guda 36, na MyISAM kuwa ya haura 500. Kwamfuta ba ta san harshe ba, siffar haruffa kawai take gani, don haka duk kalmar Hausa da ta yi kama da ɗaya daga cikinsu a rubuce ta shiga uku. A jerin InnoDB akwai a da an da in da to. A na MyISAM akwai so da me da same da take da taken. Malamin da ke neman take, wato na waƙa ko na sarauta, ba zai samu ba duk da cewa kalmar ta cika haruffa 4. Haka kuma so za ta ci gaba da ɓacewa ko an rage ƙa'idar tsawo, muddin ba a taɓa wannan jeri ba.

(c) Ƙa'idar rabi. A binciken yau da kullum na MyISAM, duk kalmar da ta fito a rabin layukan jadawali ko fiye akan ɗauke ta a matsayin wadda ba ta bambanta komai, sai a yi watsi da ita. A jerin littattafan sashen Hausa ba abin mamaki ba ne kalmar Hausa ta fito a fiye da rabin sunayen. Wannan ƙa'ida takan kuma rikita mai gwada sabon rumbu, domin idan layi biyu kawai ya zuba, kowace kalma ta riga ta kai rabi. InnoDB ba ta da wannan ƙa'ida.

(d) Baƙaƙe masu ƙugiya. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna da gurabensu a tsarin Unicode, kuma a wajen kwamfuta kowane harafi ne mai zaman kansa, kamar yadda yake a Hausa. Saboda haka wanda ya rubuta kauna ba zai sami ƙauna ba. Matsalar takan ƙaru idan an gina jadawalin a kan tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne na asali a MySQL kafin zubi na 8.0 da ya fito a 2018. Wannan tsari ba shi da baƙaƙe masu ƙugiya, don haka ƙ takan koma alamar tambaya ko wasu baƙin alamomi irin su Æ™. Idan ƙauna ta koma ?auna, abin da zai shiga fihirisa shi ne auna, wadda wata kalma ce daban. Ƙasa kuwa takan koma asa, ta faɗi a ƙa'idar haruffa 4.

Akwai kuma gadon da aka samu daga shekarun da ake buga Hausa da keɓaɓɓun zanen haruffa, inda akan ari wani maɓalli a ɗora masa siffar baƙi mai ƙugiya. Idan aka kwashe irin wannan rubutu aka zuba a rumbu, sai asalin maɓallin ya bayyana: a ga qasa da xaya da varawo, ko a ga }asa da wa]anda. A na biyun kwamfuta takan ɗauki alamar a matsayin iyakar kalma, ta raba waɗanda gida biyu, wa da anda.

(e) Alhamza da karan ɗori. Bisa ƙa'idar MySQL, alamar alhamza da ke farko ko ƙarshen kalma akan cire ta. Ke nan 'ya takan koma ya, 'yan ta koma yan, su gajarce su kuma rikiɗe da wasu kalmomi. A Jamhuriyar Nijar ana rubuta wannan sauti da ƴ, don haka rumbun da ya haɗa littattafan Kano da na Maraɗi ko Damagaram zai ƙunshi kalma ɗaya da siffa biyu. Karan ɗori kuwa iyakar kalma ne a wajen kwamfuta. Harɗaɗɗun kalmomi irin su bi-ta-da-ƙulli da faɗi-ka-mutu da bar-ni-da-mugu sukan wargaje, gajerun sassansu su zube.

(f) Ɗafi. Binciken matani cikakkiyar kalma yake nema. Wanda ya nemi uwa ba zai sami uwar ba, wanda ya nemi ido ba zai sami idon ko idanu ba, domin manhajar ba ta san dangantakar tushen kalma da ɗafa-ƙeya a Hausa ba.

1.6 Matakan Gano Inda Matsala Take

Ba a fara gyara sai an san ciwo. Ga matakan da ya kamata a bi daki-daki, malami da mai kula da kwamfuta tare:

1. A tabbatar bayanin yana cikin rumbu. Ana yin haka da umarnin LIKE, wanda ba ya bi ta fihirisar matani, alal misali: SELECT * FROM littattafai WHERE suna LIKE '%so%'. Idan littafin ya fito a nan, to rumbu lafiya yake, laifin na fihirisa ne.

2. A dubi yadda rubutun ya fito. Idan an ga alamar tambaya ko q da x da v a gurbin baƙaƙe masu ƙugiya, an gano musabbabi na (d).

3. A nemi wata doguwar kalma daga layin da ya ɓace. Idan Aljannar ta fito da littafin amma so ba ta fito da shi ba, zargi ya koma kan tsawon kalma ko jerin watsi.

4. A san irin jadawalin. Umarnin SHOW TABLE STATUS zai nuna ko MyISAM ne ko InnoDB. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin da yawa sukan gyara saitin ɗaya alhali jadawalinsu na ɗayan ne, su yi ta mamakin rashin canji.

5. A duba adadin da aka saita, da umarnin SHOW VARIABLES LIKE 'ft_min_word_len' ko takwaransa na InnoDB.

6. A gwada salon bincike na Buliyan, wanda aka sa wa sunan masanin lissafi George Boole na Ingila, ta hanyar ƙara IN BOOLEAN MODE a umarnin bincike. Wannan salo ba ya bin ƙa'idar rabi. Idan Hausa ta fito a nan bayan ta ƙi fitowa a da, an gano musabbabi na (c). A wannan salo ne kuma ake iya sa tauraro a ƙarshen kalma, kamar ido*, domin a sami duk kalmar fihirisa da ta fara da waɗannan haruffa, irin su idon.

7. Idan kalma ta cika tsawo, ba ta kai rabi ba, kuma rubutunta daidai yake, sai a neme ta a jerin kalmomin watsi.

1.7 Hanyoyin Gyara

Kafin a taɓa komai wajibi ne a kwafi rumbun gaba ɗaya a ajiye a wani wuri, domin rigakafi ya fi magani. Bayan haka sai a bi waɗannan hanyoyi gwargwadon abin da aka gano.

Game da tsawon kalma, akan buɗe fayil ɗin saiti mai suna my.ini a kwamfuta mai Windows, ko my.cnf a mai Linux, a ƙarƙashin sashen mysqld a rubuta ft_min_word_len=2 ko innodb_ft_min_token_size=2. Adadin 2 ya wadatar da Hausa, domin kalmomi masu harafi ɗaya irin su a ba su cika zama abin nema ba. Daga nan sai a kashe manhajar MySQL a sake tayar da ita. Mataki na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne sake gina fihirisa, domin tsohuwar tana nan yadda take ba tare da gajerun kalmomin ba. A MyISAM ana yin haka da umarnin REPAIR TABLE littattafai QUICK, a InnoDB kuwa akan goge fihirisar a sake ƙirƙirar ta.

Game da jerin watsi, ana iya kashe na Ingilishi ɗungurungum. A MyISAM akan bar saitin ft_stopword_file babu komai a cikinsa, ko a nuna masa wani fayil mai ɗauke da jerin Hausa. A InnoDB akan kashe innodb_ft_enable_stopword, ko a ba ta jadawalin kalmomin da aka zaɓa. Nan ma sai an sake gina fihirisa.

Game da baƙaƙe masu ƙugiya, akan mayar da jadawali kan tsarin utf8mb4, wanda ke ɗaukar dukkan haruffan Unicode. Rubutun da ya zo da q da x da v ana iya musanya shi da umarni guda, amma a yi hattara da baƙin sunaye da ke da waɗannan haruffa na asali. Wanda ya riga ya koma alamar tambaya kuwa sai an sake buga shi da hannu, domin asalin harafin ya ɓace. Da yake ba kowa ne ya saba da allon rubutu na Hausa ba, duk da cewa akwai shi a wayoyin Android da kwamfutoci masu Windows, yana da kyau a ƙara wani gurbi na taimako inda za a ajiye sunan ba tare da ƙugiya ba, domin mai rubuta kauna shi ma ya dace. Amma abin da za a nuna wa ɗalibi a fuskar kwamfuta ya kasance mai bin ƙa'idar rubutu.

Wani lokaci rumbun makaranta yakan kasance a kan kwamfutar haya ta intanet, inda ba a ba mai haya ikon sauya saiti. A nan sai a roƙi mai haɗa manhaja ya tsara ta yadda duk kalmar da ba ta kai haruffa 4 ba za a neme ta da LIKE. Illar wannan hanya ita ce takan kwaso tarkace, domin mai neman so zai sami soja da soro da kaso, sai an ƙara sharaɗin cewa kalmar ta tsaya ita kaɗai. Ga rumbun makaranta guda jinkirin da take jawowa ba abin damuwa ba ne. Idan kuma sabon aiki za a fara, akwai manhajoji irin su PostgreSQL da SQLite waɗanda binciken mataninsu ba ya zubar da kalma saboda gajartarta.

1.8 Rawar da Malamin Hausa Zai Taka

Da zarar an rage ƙa'idar tsawo zuwa 2, kalmomin nahawu irin su da da na da ta da ya za su cika fihirisa. A babban rumbu wannan yakan sa a buƙaci jerin watsi na Hausa, kuma a nan ne aikin ya dawo hannun malami. Mai haɗa manhaja zai iya ɗaukar kalmomin da suka fi yawan fitowa ya zubar da su gaba ɗaya, amma malamin Hausa ya san cewa rashin nuna karin sauti da tsawon wasali ya sa kalmomi mabambanta sun zama siffa ɗaya a rubuce. Ga misalai:

su: wakilin suna ne, kuma sana'ar kamun kifi ce;
wa: kalmar tambaya ce, kuma ɗan'uwa ne babba;
kai: wakilin suna ne, sashen jiki ne, kuma aikatau ne;
mai: yana nuna mallaka, kuma abin miya ne ko na mota;
sa: aikatau ne, kuma namijin saniya ne;
fa: kalmar ƙarfafawa ce, kuma shimfiɗaɗɗen dutse ne;
da: mahaɗi ne, kuma yana nufin zamanin da ya wuce.

A Wudil, inda ɗalibi zai iya rubuta aikinsa a kan su a kogin garin ko a kan cinikin sa a kasuwar kara, jefa su da sa cikin jerin watsi daidai yake da ɓatar da aikin nasa. Ƙa'idar da ta dace ita ce, ba a sa kalma a jerin sai an tabbata ba ta da wata ma'ana ta suna ko aikatau. Kalmomi irin su ne da amma da ko za su iya shiga. Duk wadda ake shakka a kanta a bar ta a fihirisa, domin fitowar abin da ba a nema ba ta fi sauƙi a kan ɓacewar abin da ake nema.

Bugu da ƙari, malami ne zai sa ido a kan masu zuba bayanai domin su bi ƙa'idojin rubutu, musamman raba kalma da haɗe ta, da amfani da alhamza iri ɗaya. Yana da kyau kuma ya tanadi 'yan kalmomin gwaji, kamar so da ido da take da ƙasa da 'ya'ya da Isa, waɗanda za a gwada duk sabuwar manhajar da aka kawo makaranta da su kafin a biya kuɗinta.

1.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kwamfuta tana bincike ne ta hanyar fihirisa, kuma kalmar da ba ta shiga fihirisa ba ba a samun ta. An kawo musabbabai shida da ke hana kalmomin Hausa fitowa, wato ƙa'idar tsawo, da jerin watsi na Ingilishi, da ƙa'idar rabi, da baƙaƙe masu ƙugiya, da alhamza da karan ɗori, da kuma ɗafi. An kuma nuna matakan gano kowane da hanyar gyara shi. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan kwamfutar makaranta ta ce babu littafi ko babu ɗalibi, abin da ya kamaci malami shi ne ya ƙirga haruffan kalmar da ya rubuta, ya duba kanta ko rajistar takarda, sannan ya yanke hukunci.

Tambayoyi

1. Mece ce fihirisa, kuma me ya sa kwamfuta ke dogara da ita wajen bincike?
2. Kawo dalilai uku da suka sa gajerun kalmomi masu ma'ana suka yawaita a rubutun Hausa, tare da misalai biyar-biyar.
3. Bayyana abin da zai shiga fihirisar MyISAM daga sunan littafin Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, idan jadawalin yana kan utf8mb4, da kuma idan baƙaƙe masu ƙugiya sun koma alamar tambaya.
4. Wani mai kula da kwamfuta ya mayar da ft_min_word_len zuwa 2 amma har yanzu ba a samun kalmar so. Kawo dalilai uku da za su iya jawo haka.
5. Tsara jerin kalmomin watsi na Hausa guda 20, sannan ka kawo wasu 10 da bai kamata a sa ba, tare da hujja.